Dutse na Huɗu

Ranar Talata ce, ashirin da uku ga Afrilu. Tun asuba hazo ya sauko daga Tudu ya zauna a kan ƙauyenmu na Stannacott, irin hazon nan da ke jiƙa riga ba tare da ka ga ɗigon ruwa ba. Kwana goma sha ɗaya ke nan rabonmu da ganin rana. Ina cikin garke ina ba wani marayan ɗan rago madara a kwalba sai na ji motocin 'yan ceto biyu sun wuce ƙofar gonarmu a guje, sun yi sama.

Kafin tsakar rana suka sauko da gawar wani mutum a lulluɓe. Sunansa Alan Pritchard, tsohon malamin makaranta daga Bristol, ya zo yawon ƙafa a Tudu kamar yadda dubban baƙi ke zuwa duk shekara. A Baƙar Fadama suka same shi, taɓo ya riƙe shi har ƙirji. Ba nutsewa ya yi ba. Sanyi ne ya kashe shi a tsaye.

Da farko kowa ya ce laifinsa ne, wai baƙi haka suke, su hau Tudu da takalmin zuwa kasuwa. Amma wannan takalminsa mai kyau ne, ga taswira da kamfas a wuyansa, kuma ya bar takarda a masaukinsa ya rubuta inda za shi da lokacin da zai dawo. Sannan duwatsu ya bi. Duwatsu bakwai ne a jere, kowanne ya kai ƙugun mutum, tun zamanin kakannin kakanninmu aka kafa su don su nuna hanyar ƙetare fadamar. Ƙa'idar guda ce, an ma buga ta a takardar da ake raba wa baƙi: daga dutse zuwa dutse ka miƙe, kada ka karkata. Mutumin ya miƙe daga na huɗu zuwa na biyar. Taku talatin ya yi.

Shugaban 'yan ceto ya duba taswira, ya duba dutsen, ya sake dubawa. Ya ce na huɗu ba a mazauninsa yake ba. Wani ya matsar da shi.

Ni kuwa ranar Litinin mai zuwa zan fara aiki a wurin gyaran jiragen ruwa a Plymouth. Shekarata ashirin da biyu. Ina da sha biyar na bar makaranta, kuma tun daga ranar ban yi komai ba sai bin bayan tumakin Baba da jiran ranar da zan bar wurin nan.

* * *

Washegari da hantsi wata 'yar sanda, Sajan Rowe, ta zo gidanmu. Gajeruwar mace ce, ba 'yar Tudu ba, ta zauna a kicin ko rigar ruwanta ba ta cire ba. Baba yana tsaye a bakin murhu, ya ba mu baya.

"Davy Endacott, kai ne mai jan babur ɗin nan mai ƙafa huɗu?"

"Ni ne."

"Sawunsa ya cika gefen fadama, tun daga dutse na biyu har kusa da na huɗu. Me kake zuwa yi?"

"Waya. Ƙauyen nan kaf babu inda waya ke kamawa sai kan tsaunin da ke bayan na uku. Ki tambayi kowa."

"Na tambaya. Sun kuma gaya mini kai ne ka taɓa juya allon hanya a mararraba, har motar baƙi ta kwana a rafi."

"Shekarata sha shida lokacin. Kuma ba kwana ta yi ba, awa biyu ne."

"Ka ga ai ka tuna sarai." Ta rufe littafinta. "Kada ka bar ƙauyen nan sai na ce."

"Sajan, Litinin zan fara aiki. Sun ce in bakwai na safe ta yi ban zo ba, mutum uku na jiran gurbin."

"Akwai matar da ke jiran a gaya mata abin da ya kashe mijinta. Ita ma jira take yi."

Na juya wajen Baba. Walter Endacott ba mai magana ba ne, tun rasuwar mahaifiyata kuma abin ya ƙaru, amma na ɗauka yau kam zai ce wani abu. Ya ɗauki buta ya ce, "Sajan, a ƙara miki shayi?"

* * *

Ina shiga kantin ƙauye kowa ya yi shiru. Percy Mudge, maƙwabcin gonarmu, yana jingine da kanta, tumbinsa ya riga shi isa.

"A'a, ga injiniya!" ya ce. "Jiya allo, yau dutse. Gobe kuma coci za ka matsar mana?"

"Kawu Percy, ko na matsar ai ba za ka lura ba. Yaushe rabonka da shiga?"

Aka yi 'yar dariya, aka haɗiye ta. Mai kantin ta miƙo mini burodi ba ta kalle ni ba, matar da ta san ni tun ina rarrafe.

Na fito na tsaya a bakin titi. Hanya ɗaya ce ke fita daga Stannacott, ta haye gada ta yi ƙasa, kuma an hana ni ita. Sauran kowane gefe Tudu ne, hazo ya kife a kansa kamar murfin tukunya. Sai na nufi gidan Goggo Hester.

Hester Luxton ba goggota ba ce ta jini, haka dai kowa ke kiranta. Shekara talatin ta yi tana bin sawu wa 'yan ceto kafin gwiwoyinta su ƙi. Har yanzu in goɗiya ta ɓace ko an saci tumaki ita ake nema, kuma 'yan sanda ba sa jin kunyar buga mata ƙofa.

"Kai ka matsar da shi?" ta ce, tun kafin in zauna.

"A'a, Goggo."

"Haka nake zato. Aikin wahala ne, kai kuwa ban taɓa jin ka yi aikin wahala ba a sa ka ba. Gobe ka zo da babur, ƙafata ba ta hawa. Amma da mutane za mu fara. Ƙasa tana nan, ba inda za ta."

* * *

Simon Ashby muka fara zuwa wurinsa. Ɗan Landan ne, shekara shida da zuwansa, sana'arsa yi wa baƙi jagora a Tudu. A kanti ana ta raɗa cewa in mutane suka daina yarda da duwatsu, dole su nemi jagora, kuma jagora ɗaya ne a ƙauyen. Mun same shi a gareji yana goge takalmin da ya riga ya gogu.

"Ka san mamacin?" in ji Goggo.

"Litinin da safe ya tsaya a nan. Ya tambaye ni ko hazon zai hana shi ƙetarewa." Ya ajiye burushin. "Na ce masa ya bi duwatsu, ba sa ƙarya. Ni na ce masa haka, Goggo. Da bakina."

"Yaushe rabonka da fadama?"

"Tun Maris."

Ta ɗauki wani takalmi daga kan katako, ta kankare ƙasansa da farce, ta shinshina.

"Ɗan birni, wannan taɓon bai kai wata guda ba."

Fuskarsa ta yi ja. Ya ce to, kwana goma da suka wuce ya ƙetare da mutum huɗu. Ranar hazon ya ɗan ɗaga. Daga na huɗu ya hango wani kore shar a gabansu, ya kewaya da su. Ya ɗauka ruwan sama ne ya sa fadamar ta faɗaɗa. Ya yi niyyar kai rahoto, ya manta.

"Ba ka lura dutsen ne ya tashi ba?"

"A'a."

"Jagora ke nan," ta ce. Da muka fito ta ce mini, "Ƙaryar tsoro ya yi, ba ta mai laifi ba. Amma ya ba mu rana. Dutsen ya fi kwana goma da tashi."

Percy kuwa a tsakar gonarsa muka same shi yana gyaran tarakta. Goggo ba ta kalle shi ba, sarƙar da ke rataye a bayan taraktar ta kalla. Akwai farin garin dutse a jikinta, sabo.

"Me ka ja da wannan?"

"Ginshiƙin ƙyaure. Ga shi can kwance, je ki gaishe shi." Ya goge hannu a wando. "Hester, kin san tarakta ba ta kaiwa na huɗu, tun a na biyu za ta zauna. In kina neman mai haushin baƙi, ga shi nan a bayanki. Farkon watan nan karen wasu baƙi ya kora musu tumaki tara cikin fadama, duk da ciki. Wannan ɗan ya tsaya a wurin ajiye motoci yana ihu wai Allah ya sa fadama ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Mutum goma sun ji."

Goggo ta waiwayo. "Ka faɗa?"

"Na faɗa."

"Bakinka ya fi ƙafarka sauri. Walter kuma me ya ce ranar?"

"Walter?" Percy ya yi dariya. "Yaushe Walter ya taɓa cewa komai?"

* * *

Ranar Juma'a muka hau. Goggo ta riƙe ni ta baya a kan babur tana zagin kowane rami, har muka kai dutse na uku. Daga nan muka taka, ita da sandarta, ni a bayanta. Hazo bai bar mu mu ga abin da ya wuce taku ashirin ba. Duk inda na juya farin bango ne, yana tafiya tare da mu.

Sawun babur ɗina ta fara dubawa. Ta zura yatsa a na tafiya, ta zura a na dawowa.

"Zurfinsu ɗaya. Ba ka ɗauki komai ba sai kanka, shi ma ba nauyi gare shi ba."

A dutse na huɗu ta daɗe. Ta kewaya shi sau biyu tana shafa jikinsa.

"Dubi gansakukarsa. 'Yan'uwansa shida duk arewa tasu ke kallo, shi tasa gabas. Sau nawa ka wuce ta nan cikin sati biyu?"

"Kamar sau biyar."

"Kanka na cikin waya. Kai da aka haifa a nan."

Daga gindin dutsen ta sami layi biyu a cikin ciyawa, sun kwanta sun yi gabas, faɗin da ke tsakaninsu kamar na ƙofar ɗaki. Ni da ban gan su ba sai da ta ɗora sanda a kai. A tsakiyarsu akwai kofato, ya nutse sosai ta gaba.

"Doki ne ke jan katako. Ba inji. Yadda aka kawo su tun farko, haka aka ɗauke wannan."

Muka bi layin taku ɗari, sai ya hau kan fa ya ɓace. Ta duba nan, ta duba can, ba komai. Taswira kuwa ba ta iya nuna maka ramin da aka ciro dutsen, sai dai ta ce wajen nan ne. Goggo ta sami wani dutse ta zauna, ta ciro burodi da cuku daga aljihu.

"Me muke jira?"

"Iska. Zauna, kana sa ni jiri."

Na kasa zama. Na yi ta kai da kawo kusan awa guda, ina lissafin cewa saura kwana biyu da rabi. Can iska ta taso daga yamma da ruwa a bakinta, ta yage hazon kaɗan. Sai ga tumaki huɗu sun gangaro, masu shuɗin fenti a kafaɗa, wato namu. Suka zo wani fili inda babu komai, suka kwanta a manne da juna, dukansu sun juya baya wuri ɗaya.

"Da me suke fakewa?" in ji Goggo a hankali.

"Babu komai a wurin."

"Uwarsu ta koya musu cewa nan akwai dutse mai tare iska. Ita ma uwarta ta koya mata. Ba wanda ya gaya musu an ɗauke."

Muka kore su. Wurin ya sha kwanciya, ga kashinsu na shekaru, ga gashi a maƙale da ciyawa. A nan suke haihuwa, kuma ta tsakiyarsu tsohuwar hanyar baƙi ta bi. Amma babu rami. Goggo ta durƙusa da ƙyar, ta ciro wuƙa, ta yi ta tsokanar ƙasa har wuƙar ta shige wani wuri ba tare da an danna ba. Ta ɗaga. Fatar ciyawa ta tashi kamar murfin akwati. Gida uku ce, an yanka gefunanta a karkace don su hau juna su manne. A ƙarƙashi an cika ramin da ƙananan duwatsu, an bi da ƙasa, an daddage.

Mu mutanen Tudu muna da haƙƙin yankan baƙar ƙasar fadama, mu shanya ta bushe, mu ƙona a murhu da hunturu. Kusan kowa ya daina. Amma aikin yana da ƙa'ida: ka ɗebe fatar ciyawa ka ajiye gefe, in ka gama ka mayar da ita yadda ko ɗan rago ba zai yi tuntuɓe ba. Ina da shekara tara aka koya mini wannan yankan. Sau shida aka sa na sake.

"Mai wasa ba ya rufe rami," in ji Goggo. "Mai mugunta ma haka. Wannan mutum ya yi abin da ya yi, amma ya kasa tafiya ya bar rami a buɗe." Ta ɗago ta dube ni. "Ka san hannun?"

"Ban sani ba."

"To." Ta mayar da fatar ciyawar, ta miƙo hannu na tashe ta. "Zan ce wa Sajan ta tara mutane a nan gobe da safe. Kana da yini guda, ɗan Walter."

* * *

Da na koma gida ban shiga ɗaki ba. Na wuce rumbun ciyawa, na janye dami shida. Tsohuwar ƙofar ɗakin ajiya tana jingine a bayansu, an huda mata rami biyu na igiya, cikinta ya kankare, baƙin taɓo ya bushe a jiki.

Baba yana garke, a durƙushe bayan wata tunkiya da haihuwa ta zo wa a karkace.

"Baba, gobe Goggo Hester za ta tara mutane a fadama. Har da mu."

"Riƙe mini kanta."

Na riƙe. Tunkiyar tana nishi, idonta ya juye.

"Ta gano inda dutsen yake a da."

"Biyu ne a ciki, sun sarƙe."

"Baba, babu abin da za ka ce mini?"

Ya zaro hannunsa, ya dubi jinin da ke jiki. "Naka ya fi nawa siranta. Zo ka juyo ƙafar."

Muka canja wuri. Na zura hannu na lalubo ƙafar, na juyo ta, na farko ya zubo, na biyu ya biyo. Baba ya share musu hanci da ciyawa, ya tura su bakin uwarsu, a hankali, yadda bai taɓa taɓa ni ba.

Ina wanke hannu a bokiti ina juya abin. In na yi shiru, sunana ya ɓaci, Litinin ta wuce ni. In na yi magana, a tafi da Baba, tumaki ɗari uku su dawo wuyana a tsakiyar haihuwa. Na yi ta neman hanya ta uku har ruwan bokitin ya huce.

* * *

Asabar da safe hazon ya ɗan ɗaga, ana ganin duwatsu uku a jere. Sajan Rowe ta riga mu zuwa da Goggo. Simon ya zo, Percy ya zo yana haki, ni da Baba muka zo a ƙarshe.

Ramin a buɗe yake. An kwashe ƙasa da duwatsun cikinsa an zube gefe, fatar ciyawar nan uku an watsar da su a kife, ɗaya nan ɗaya can. Goggo ta tsaya nesa da shi kamar ba ta san da shi ba, ta kira mu muka kewaye ta.

Ta fara da Simon. Ta faɗi ƙaryar da ya yi da dalilinta, ta ce mutumin da bai san ko ta gaba ko ta baya ake ɗaura wa doki igiya ba, ba shi ya ja dutse ba. Ta koma kan Percy, ta yi ta jan magana a kan tarakta da sarƙa.

"Percy, yaushe rabonka da yankan ƙasar murhu?"

"Shekara ashirin. Ina da tankin mai, ni ba jaki ba ne."

Ta koma kaina. Ta yi bayanin sawun babur dalla-dalla, ta sake maimaitawa, har Sajan ta fara duban agogo. Ban taɓa jin Goggo ta yi surutu haka ba. Sai na lura ba mu take kallo ba.

Tumakinmu sun dawo wurin kwanciyarsu, da 'ya'yansu na kwana biyu da uku. Wani ɗan rago yana ta tsalle a bakin ramin. Ya leƙa, ya ja baya, ya sake zuwa, ƙafarsa ta gaba ta zame ya dafe. Baba yana kallonsa. Na ga yatsunsa suna motsi a jikin wandonsa.

Na so in riƙe masa hannu. Ban riƙe ba.

Ya fita daga cikinmu, ya kore ɗan ragon da hula, ya durƙusa. Ya zuba ƙananan duwatsun, ya bi da ƙasa, ya daddage da dunduniya. Sannan ya tashi ya tattaro fatar ciyawar. Bai gwada ko ɗaya ba. Ƙaramar ya fara sawa ta arewa, doguwar ta hau kanta, ta ukun ta rufe su. Ya danna da tafin hannu, wurin ya koma kamar ba a taɓa shi ba.

Goggo ta daina magana tun tuni.

"Walter," ta ce, "ni jiya sau huɗu na juya su kafin su zauna. Yaya aka yi ka san ƙaramar ce ke fara shiga?"

Bai tashi daga durƙuson ba.

"Tara, Hester. Duk da ciki. Ni na ciro su da igiya, ɗaya bayan ɗaya." Muryarsa ba ta rawa. "Ta tsakiyarsu hanyar ta bi. Kowace Asabar karnuka. Taku ɗari da hamsin kawai na kau da ita."

"Ka kai ta bakin idon fadama."

"Kore ne shar, ana ganinsa! Wa zai taka kore? Kewayawa ake yi, yaro ma ya sani."

"Takarda cewa ta yi a miƙe, Malam Endacott," in ji Simon a hankali. "Abin da muke gaya musu ke nan. Kada su yarda da idonsu, su yarda da dutse."

Baba ya dube shi kamar wanda aka yi wa wani yare.

"Ni ban taɓa karanta takardar ba," ya ce.

Percy ya cire hularsa. 'Ya'yan tumaki suna ta kuka.

"Kwana huɗu, Baba," na ce. "Kana ji ana kirana mai kisan kai."

"Ba su da hujja a kanka. Da sun gaji sun ƙyale ka."

"Bayan Litinin."

Ya kau da kai ya dubi tumakin.

"Haihuwa ake yi, Davy," ya ce. "Ɗari uku. Ni kaɗai."

Sajan ta taɓa kafaɗarsa, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Ta juyo wurina ta ce, "Kai kam ba ni da sauran magana da kai. Kana iya tafiya duk inda kake so."

A wurin ajiye motoci, kafin a rufe ƙofar motar, Baba ya leƙo. Na matsa kusa, ina zaton wani abu.

"Mai tagwayen jiya nononta ɗaya ya toshe," ya ce. "Ka tatse shi da ruwan ɗumi."

* * *

Tumakin Tudu ba a sayar da su a sayo wasu. Kowane garke ya san yankinsa ne daga uwa zuwa 'ya, babu shinge babu komai, in ka watsar da su abin da aka tara cikin shekara ɗari ya tafi ke nan. Percy ya ce zai riƙa leƙowa, ya kuwa leƙo, sau biyu. Ƙarfe bakwai na safiyar Litinin ta same ni a garke, hannuna cikin wata tunkiya har gwiwar hannu. Ban ma hau tsauni na yi musu waya ba.

An mayar da dutse na huɗu mazauninsa cikin watan Mayu. Ni na ja goɗiyar Baba da ta jawo shi.

Abin da aka rasa ga shi. Mutum ɗaya, Alan Pritchard, mai shekara sittin da shida. Tumaki tara da abin da ke cikinsu. 'Ya'yan tumaki ashirin da uku da suka mutu a hannuna wannan bazarar, don hannu biyu kawai gare ni. Wata goma sha huɗu na Baba a kurkuku, da ƙarfin ƙafafunsa, domin ya dawo ba ya iya hawa Tudu. Gurbin aiki ɗaya a Plymouth. Sai shekara uku na rayuwata, zuwa yau.